Bin Yarima A Sha Kiɗa

Karatu: Ayyukan Manzanni 19:23-41

Hausawa sukan ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gaskiya ne wajen gayya da ginin ɗakin sujada. Amma yawan mutane ba shi ne shaidar gaskiya ba. Taro yakan sa mutum ya aikata abin da ba za ya taɓa yi shi kaɗai ba.

Mu duba abin da ya faru a Afisa. Dimitiriyas maƙerin azurfa ya ga wa'azin Bulus yana rage masa ciniki, sai ya tara abokan sana'arsa, ya ce ana raina allahiyarsu. Birni ya ruɗe. Wajen sa'a biyu suna ihu, Luka kuwa ya gaya mana yawancinsu ba su ma san dalilin taruwarsu ba. Mutum ɗaya yana kāre aljihunsa, jama'a suna tsammani addini su ke kārewa.

Irin wannan ya faru a ƙasarmu. A watan Maris na 1987 gardama ta tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a kan maganar wani mai wa'azi. Aka ƙone masallatai a Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u da yawa, rayuka suka salwanta. Mutanen Funtuwa da Katsina ba su ji wa'azin da kunnensu ba. "An ce, an ce" ne ya kawo wutar har kusa da mu.

Kada mu ce wannan ciwo na waɗansu ne kaɗai. A Antakiya Bitrus kansa ya daina cin abinci tare da masu bi na Al'ummai domin tsoron waɗansu baƙi, har Barnaba ya bi sawunsa (Galatiyawa 2). Bulus ne ya tsaya ya tsauta masa a fili. In manzo ya zame, ina ga mu?

To, 'yan'uwa na Tamawa da Kurfi da Dutsin-Ma, me za mu yi? Na fari, in labari ya zo daga kasuwa ko ta wayar hannu, mu tambaya wa ya gani da idonsa. Na biyu, in ekklesiya ta taso wa wani ɗan'uwa, kada a yanke masa hukunci sai an ji bakinsa, da shaidu biyu ko uku. Na uku, kada mu kira wanda ya ƙi bin ra'ayinmu maci amana, wataƙila shi Ubangiji ya aiko domin ya tsare mu.

Attaura ta hana mu bin taro zuwa mugunta (Fitowa 23:2). A ranar shari'a ba za a kira mu ƙungiya ƙungiya ba, gama kowa za ya ba da lissafin kansa ga Allah.