Karan Ɗori: Amsar Wasiƙun Masu Sauraro

Wasiƙar farko ta fito ne daga wata malamar firamare a Zariya. Ta ce ɗalibanta sun tambaye ta dalilin da ya sa ake kiran ɗan gajeren layin nan da ke tsakanin kalmomi "karan ɗori", kuma a ina ake sa shi.

Malama, Allah ya saka da alheri, ki gaishe mana da yaran. Sunan daga wurin masu ɗori aka aro shi. Idan mutum ya karye, mai ɗori zai daidaita ƙashin, ya jera kara a gefe da gefe, ya ɗaure har ƙashin ya kama. To, aikin da layin nan yake yi ke nan a rubutu: yana ɗaure kalmomi biyu ko fiye su zama abu guda.

Ki gwada musu da abinci, sun fi saurin ganewa. Idan na ce wa yarinya "dafa duka", umarni na ba ta, kada ta rage komai. Amma dafa-duka, da kara a tsakiya, sunan shinkafar nan ce da ake haɗawa da mai da kayan miya a tukunya ɗaya. Haka "ka ce na ce" magana ce, ka-ce-na-ce kuwa rigima ce. Akwai faɗi-tashi, akwai a-ci-balbal.

Sai ninki. Idan aka maimaita kalma gaba ɗayanta, a sa kara: tafiye-tafiye, maza-maza, kaɗan-kaɗan. Idan gaɓa ɗaya kawai aka ninka, kamar kakkama ko tattara, ba a sa komai.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi kuma ya tambaya yadda ake yi idan layi ya ƙare kalma ba ta ƙare ba. Malam, a kan gaɓa ake yankawa: makaran- a sama, ta a ƙasa. Kada ka raba "sh" ko "ts", domin kowannensu sauti ɗaya ne.

Abin da ke damuna, ni dai, shi ne saƙonnin waya da nake gani ana rubuta "ya-ce" ko "za-mu". Nan babu karaya, balle a nemi mai ɗori. A bar su a rabe: ya ce, za mu.