Filin Shawara: An Kawo Mini Sammaci a Kan Rigimar da Ba Tawa Ba

Gwaggo, ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Garwa, ina riƙe da rajista a wani ofishi da ke ajiye takardun filaye. Makon jiya aka kawo mini sammaci, wai in je kotu in ba da shaida a shari'ar wasu 'yan'uwa biyu da ke jayayya kan filin gado a Yelwa. Ban san su ba, ofishinmu ma ba ya cikin ƙarar. Maigidana ya ce in yi kunnen uwar shegu da takardar, abokiyar aikina kuma ta ce in ɗauki fayil ɗin in kai wa lauyan da ya sa aka kira ni. Barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Garwa

'Yata, kwantar da hankalinki. Ba ƙararki aka kai ba. Abin da ke rubuce a rajistar nan kotu take son ji, ke kuwa ke ce mai riƙonta. Sai dai shawarwarin nan biyu da aka ba ki, kowacce na iya jefa ki rami.

Ki ba maigida haƙuri, ƙin zuwa ba mafita ba ce. Sashe na 173 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, wato dokar 12 ga Yuli 2016, ya tanadi ɗauri da tara ga shaidan da aka kira bisa ƙa'ida ya ƙi halarta ba tare da uzuri ba. Addini ma ya hana ɓoye shaida.

Fayil kuwa ba kayan ɗakinki ba ne, amanar hukuma ce. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 7 ga Oktoba 1994 ta wajabta miki kame baki kan abin da kika sani ta hanyar aiki. Sashe na 310 na wancan kundin ya sa ɗaurin wata uku zuwa shekara uku ga mai tona sirrin aiki. Amsa tambaya a gaban alƙali daban, miƙa wa lauyan ɓangare ɗaya takardu a bayan fage daban.

Gobe da safe ki kai wa shugabanki sammacin tare da 'yar wasiƙa, a buga miki hatimin karɓa, ki ajiye kwafi. Shi zai sanar da na gaba da shi da masu kula da harkar shari'a a ma'aikatarku, a tsayar da wanda zai je da abin da zai tafi da shi. Ki nemi umarninsu a rubuce, domin takarda ce ke zama. Ki kuma leƙa wurin magatakardan kotu ki tabbatar da rana da lambar ƙarar. Idan akwai abin da hukuma ke ganin bai kamata ya fita ba, ofis ne zai rubuta wa kotu dalili tun kafin ranar zama, alƙali ya duba. Idan takarda ake so, a nemi kotu ta karɓi kwafi mai hatimi, asalin rajista ta zauna inda take, don akwai haƙƙin wasu mutane da yawa a cikinta.

Ran zaman, ki faɗi abin da ke rubuce kawai: suna, lamba, kwanan wata. Abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Kada ki karɓi ko kuɗin mashin daga hannun ɗayansu, in sun biyo ki gida ki ce su haɗu da ke a kotu.

Ki tuna, 'yata, 'yan'uwan nan ciki ɗaya suka fito. Wataƙila layi ɗaya a rajistarki ne zai raba gardamar da ta hana su gaisawa. Allah Ya ba ki ikon sauke wannan nauyi lafiya.

Gwaggonki