Kimiyyar Shuke-shuke: Yadda Ake Renon Dashen Yazawa

Kowace bishiya da irin yanayin da take so. Bishiyar wolnot, wadda ake nomawa a ƙasashen Sin da Iran da Amurka, ba ta yin 'ya'ya sosai sai ta sha tsananin sanyin hunturu na makonni masu yawa. Sanyinmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu bai kai haka ba. Bishiyar da za ta ba mu ƙwaya mai mai da gina jiki kamar ta wolnot ita ce yazawa, wadda wasu ke kira kanju. Asalinta ƙasar Barazil, Turawan Fotugal ne suka kawo ta Afirka a ƙarni na 16.

Zaɓen iri
A samo ƙwaya daga uwa mai yawan 'ya'ya, a zuba cikin ruwa. Wadda ta nutse ita ce cikakkiya, wadda ta taso kuwa a zubar.

Reno
A cika leda da turɓaya da ruɓaɓɓen taki, a huda gindinta. A binne ƙwaya ɗaya kamar santimita 3, wajen da ta rabu da ɗan itacen yana kallon sama. Takan tsiro cikin mako 2 zuwa 3.

Dashe
Yazawa na da doguwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa neman laima. In ta daɗe a leda saiwar za ta nannaɗe, bishiyar ta tsumbure. Don haka a dasa bayan kamar wata 2, daidai lokacin da damina ta zauna, wato ƙarshen Yuni ko Yuli. A haƙa rami mai zurfin santimita 50, a yanke ledar ba tare da an fasa ƙasar jikin saiwar ba. Tazarar mita 10 kowane ɓangare tana ba da bishiya 100 a hekta ɗaya. A guji fadamar da ruwa ke kwanciya.

Kulawa
Ranin farko shi ne babban haɗari, domin saiwar ba ta kai ga laima ba tukuna. A riƙa ban ruwa, a kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, a nome busasshiyar ciyawa saboda gobara, a kuma lura da gara. Dashen da ya tsira yakan soma 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 5.

Gargaɗi: man da ke cikin ɓawon ƙwayar yana ƙona fata. Kada ɗalibi ya fasa ta da haƙori.

Aikin aji
Ku shuka ƙwaya 10 da suka nutse da 10 da suka taso. Ku ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako 3, ku bayyana wa malaminku dalilin bambancin.