Kama da Wane Ba Ta Wane: Nasiha ga Mai Gyaran Laftof

Ɗana, na ji daɗin yadda ka riƙe sana'ar gyaran kwamfuta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a nan Wurno a 1837, ya kwaɗaitar da a kula da masu sana'ar hannu, don gari ba ya tsayuwa sai da su. To ga 'yar shawara a kan aikin da zai fi zuwa maka, wato canjin sikirin.

Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, 'yan Beljiyam, HP da Dell da Lenovo da suka kwana biyu. A bayan babur ake yawo da su tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, ƙurar hunturu kuma tana sa murfi ya yi tauri har gilashi ya tsage wajen buɗewa. Masu su kuwa ka san su: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ko yaron da ke koyon latsa kwamfuta saboda tun 2015 da ita ake jarrabawar JAMB.

Da farko ka tabbata sikirin ɗin ne ya mutu. Jona laftof ɗin da talabijin ta HDMI ko VGA. In hoto ya fito, galibi bod lafiya lau yake. Sannan haska tocila a kan baƙin gilashin. In ka hango hoto dishi-dishi, wutar baya ce ta ɗauke, wataƙila fiyus ne ko waya, ba sai an sayi sabo ba.

In canjin ya zama dole, kada sunan da ke kan murfi ya ruɗe ka. Mai sayen albasa a Goronyo ba ya biya don ya ga saman buhu. HP da Dell ba su ne ke ƙera gilashin ba. Daga wurin AU Optronics da LG da Samsung da Innolux da BOE suke saye, shi ya sa laftof biyu masu suna ɗaya kan zo da sikirin daban-daban. Kwance shi, ka karanta takardar da ke manne a bayansa. Lambar AU Optronics da B take farawa, ta LG da LP, ta Samsung da LTN. In ka ga 156, inci 15.6 ke nan. 140 kuma inci 14.

Kada ka tsaya a farkon lambar, ka karanta har wutsiya. NT156WHM-N10 na BOE haƙoran soket ɗinsa 40 ne, NT156WHM-N12 kuwa 30. Girmansu ɗaya, amma wannan ba ya zama a gurbin wancan. Dalili shi ne, wajen 2013 zuwa 2014 kamfanoni suka fara barin tsarin LVDS suna komawa eDP, kuma yadda suke aika hoto ba ɗaya ba ne. Ko yawan haƙora ya zo daidai kada ka saki jiki, don akwai eDP mai haƙori 40 a sikirin da ake taɓawa da yatsa. Ka cusa wanda ba nasa ba, kana iya ƙona gilashi da bod gaba ɗaya.

Laftof ɗin da suka girmi 2010 da yawansu da siririn ƙwan fitila suke haske, tare da 'yar inbata a ƙasan gilashi, ba LED ba. Akwai zaiba a cikin ƙwan, kada ka fasa shi ko ka jefar inda yara ke wasa. Ka kuma duba kaurin sikirin, da kunnuwan da ake ɗaure sukuru, da gefen da soket yake, dama ko hagu. In wani ya ce a ɗaga masa daga 1366 da 768 zuwa 1920 da 1080, faɗa masa gaskiya: a tsohon LVDS sau da yawa sai an canza waya, wani bod ɗin ma ba ya ɗauka.

Kafin ka taɓa wayar sikirin, zare caja, cire batir, har na ciki. Ko laftof a kashe yake akwai wuta a bod, kuskure kaɗan fiyus ya tafi.

Mu nan ba kasuwar kwamfuta ta Ikeja ba ce, da za ka tsallaka titi ka musanya. Kayanka daga Sakkwato ko Kano direba zai kawo, in an yi kuskure kuɗin mota biyu ne da jiran kwanaki. Don haka ɗauki hoton takardar da na soket ka tura wa mai kaya, ku yi magana a kan mayarwa kafin ka biya. In ya iso, gwada shi kafin ka ɗaure. Matattun laftof kuma kada ka zubar. Cire sikirin ɗinsu, rubuta lamba, ka adana nesa da ƙura.

Na ƙarshe shi ne amana. In na hannu ka sa, ce na hannu ne. In akwai ɗigo ko layi, nuna wa mai kaya tun kafin ya gani da kansa. Tsohon gilashinsa ka miƙa masa, hotuna da takardun da ke cikin kwamfutarsa kuma ba naka ba ne, kada ka leƙa. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa, aikinka shi zai yi maka talla ranar kasuwa. Allah ya yi wa sana'arka albarka.