Idan Ranar 17 ga Yuni Ta Zagayo

A ranar 17 ga Yunin 2021 ne 'yan bindiga suka sace ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida.

Iyaye da malaman firamare na Birnin Kebbi da Argungu, idan ranar ta zagayo, ku fara da tambayar yaro abin da ya ji game da harin, sannan ku faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa. Kada ku nuna masa bidiyon harin. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko ƙin zuwa makaranta, wataƙila tsoro ke damunsa: a rarrashe shi, ban da bulala. A yi addu'a da safe, a ci gaba da darasi kamar kullum. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.