Kafin Ka Saɓa Bindiga

Ɗana, kaka ta shigo, hatsi ya fara isa rumbu, na kuma san hankalinka ya riga ya tafi daji. Ban ga laifinka ba. Farauta sana'ar iyayenka ce, da ita suka ci da iyali, da ita suka kori kura daga bakin garke. Sai dai dajin Bauchi na yau ba shi ne wanda kakanka ya taka ba, don haka zauna mu yi magana kafin ka ɗaure karnuka.

Samarin yanzu da sun ji an ce dokar farauta sai su ɓata rai, wai gwamnati ce ke son raba talaka da abincinsa. Ai tun kafin a rubuta komai a takarda maharba suna da dokarsu. Ba a buga gangi a fita sai Sarkin Baka ya ba da izini, shi kuwa ba ya bayarwa sai manomi ya kwashe amfaninsa, ciyawa ta bushe. Da damina ta sauka, a rataye kwari da baka a ɗauki fartanya. Lokacin ne zabuwar daji ke kwance kan ƙwai a gindin sabara, ta lafe har ka kusan taka ta ba ta tashi ba. Wanda ya maƙe ta a wannan hali ya ci nama na dare ɗaya, ya kashe garken da zai harba da rani. Haka macen gada ko mazo mai ɗa a gefe: maharbin ƙwarai yakan sauke hannu ya bar ta ta wuce, kuma ba wanda zai ce masa rago. Malamanmu na Malikiyya ma sun halatta farauta don neman abinci, sun karhanta yin ta don wasa kawai.

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada bayan an rarraba su, kan wannan turba ta zo. Ta kasa dabbobi gida-gida: akwai waɗanda ba a taɓa su, akwai waɗanda sai da lasisi. Gwamnatin Tarayya ta ƙara da dokar 1985 kan dabbobin da ke shirin ƙarewa, aka tsananta tararta a 2016. Ka lura, takardu biyu ne a kanka, kada wani ya ruɗe ka. Ta bindiga hurumin 'yan sanda ce, ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Ta farauta kuwa a hannun ma'aikatar jiha mai kula da gandun daji take, kuma ikonta bai tsallake iyakar jihar da ta ba ka ba. Ka je ofis da ƙafarka, ka biya, ka karɓi rasit, ka tambayi watannin da aka rufe da dabbobin da aka hana a bana. Kada ka ba ɗan tsakiya kuɗi a tasha ya kawo maka takardar da ba ta cikin rajista.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, Yankari. Tun 1956 aka keɓe wannan daji, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun Tarayya a 1991, sannan aka maido wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Babu lasisin da ya ba ka izinin shiga cikinsa da makami, ko na wane ofis ne. Na san abin da ke jan yara: da rani ya tsananta, tafkuna sun ƙafe, gwanki da ɓauna da kanki duk sai su gangaro bakin Kogin Gaji, harbinsu ya zama kamar kamun kaza a akurki. To, wannan taruwa ita ce irin da ya rage mana. Giwayen Yankari suna cikin garkuna mafi girma da suka saura a Najeriya, zakunan kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Mai sayen nama ko haure yana zaune a birni cikin inuwa, in an kama ka ba zai san sunanka ba. Masu gadin dajin kuma 'ya'yan mutanen Alƙaleri ne da ƙauyukan kewaye, talakawa irinka, wasunsu sun rasa rai a hannun ɓarayin nama. Ba na son ranar da za a ce ɗana ne ya ɗaga bindiga a kan ɗan maƙwabci saboda cinyar gwanki.

Ka kiyayi wuta. Saboda gafiya guda yaro zai ƙyasta ashana, iska ta kwashe ta, ta cinye harawar wani da karan da ya tara wa shanunsa. Ka kiyayi fitilar goshi da dare, wadda ke daskarar da dabba ba ta bambanta mai ciki da namiji, wani lokaci ma ba ta bambanta dabba da mutum. Guba kuwa kada ta shiga jakarka ko da wasa. Dubi mahauta a yau, ka nemi ungulu. Masu sa guba a mushe don sayar da kawunanta sun kusa gamawa da ita.

Zamanin ma ya yi zafi ga duk mai ɗauke da makami. Ka tuna Uromi ta Jihar Edo, a watan Maris na 2025, inda aka tare matafiya 'yan Arewa suna komawa gida Sallah, aka kashe mutum 16 bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci aka yi musu, Allah Ya jiƙansu. Tun daga nan ba na yarda ɗayanku ya yi nisa da bindiga ba tare da shiri ba. Ka naɗe lasisinka da katin ƙungiyar maharba a leda, ka sa a aljihun gaba. Duk garin da kuka sauka, ku fara gaida dagaci da Sarkin Bakan wurin, ku sanar da ofishin 'yan sanda, kafin ku saki kare ko ɗaya. In rigimar nama ta taso, wani ya ce shi ya fara jifa, sakar masa ka kai magana gaban manya, kada gora ta yi hukunci.

Na san kukan manoman bakin gandu, giwa takan shiga gona ta tattake wahalar shekara a dare guda, kuma kukan gaskiya ne. In haka ta faru a wajen kawunka, ku buga garwani, ku kunna wuta a gefen gona, ku aika wa masu gadi nan take, sannan ku kai ƙara ta hannun hakimi a rubuce. Gobe da hantsi ka zo mu je wurin Sarkin Baka tare, daga can mu wuce ofis. Allah Ya tsare min kai.