Gadon Jiki da Zaman Wuri Ɗaya

A ikilisiyoyi da yawa yanzu ba a ɗaura aure sai saurayi da budurwa sun kawo takardar gwajin jini daga asibiti. Saboda haka maganar gado ba baƙuwa ce gare mu ba. Mun sani idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zama sikila. Amma waɗansu sun ɗauki wannan sani sun shimfiɗa shi a kan kowace cuta. Wani ya ce, "Ciwon sukari ya kashe mahaifina, ya kama yayana, ni ma jira nake yi." Wata kuma ta ce, "Mu gidanmu ƙiba gado ce, ko na yi ta yawo banza ne." Suka zauna, suka naɗe hannu. Bari mu duba ko suna da gaskiya, gama idan ba su da ita, zaman nan ne zai jawo musu abin da suke tsoro.

A shekara ta 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri wajen 31,000. Motocin bas na Landan a wancan lokaci masu bene ne. Direba yana zaune kusan dukan yini, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, hayaƙi ɗaya suke shaƙa. Duk da haka mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya a wurin kwandastoci wajen rabin ta direbobi ce. Ya ga irin wannan bambanci kuma tsakanin masu yawon raba wasiƙu da akawunan da ke zaune a ofis.

Sai masu gardama suka yi tambaya mai kyau: ina aka sani ba masu jikin ƙiba tun asali ne suka zaɓi kujerar direba ba? Morris bai raina tambayar ba. Ya nemi awon wandunan aikin da aka raba wa ma'aikatan, a 1956 ya nuna cewa lalle ko samarin direbobi sun fi samarin kwandastoci faɗin ƙugu. Amma da aka gwada mai ƙugu da mai ƙugu irinsa, siriri da siriri, kwandasta dai ya fi tsira. Tun daga nan abu biyu suka fito fili: mutum yakan zo da wani abu daga gida, aikin ƙafafunsa kuma yana da nasa rabo.

To, mene ne wannan da muke zuwa da shi daga gida? Cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai zarurruka 46, 23 daga uba, 23 daga uwa. A kansu ne aka jera umarnin ginin jiki, watau ƙwayoyin gado, wajen 20,000. Sikila daga ƙwayar gado guda ɗaya take fitowa, shi ya sa lissafinta yake da sauƙi. Ƙiba da hawan jini da irin ciwon sukarin da ke kama manya suna bin wata hanya dabam. Ɗaruruwan ƙwayoyi ne suke haɗuwa, kowace tana ɗan tura mutum kaɗan, kamar yadda iska ke tura mai keke. Wani iskar tana bayansa, wani tana gabansa, amma dukansu biyu suna da ƙafar tuƙi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, har son motsi da son zama ana gadonsu. An gane wannan ta wurin tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu kusan ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar sauran 'yan ɗaki ɗaya suke. A 2006 aka haɗa labarin tagwaye fiye da 37,000, biyu-biyu, daga ƙasashe 7, shida a Turai da Ostareliya. Aka ga masu kama ɗaya sun fi yin daidai da juna wajen motsa jiki. A yawancin ƙasashen nan, wajen rabi har zuwa kashi biyu cikin uku na bambancin da ke tsakanin mutane, gado ne ya kawo shi. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Haka kuma ba kowa ne motsi yake yi wa albarka daidai da ɗan'uwansa ba. Wani malami mutumin Kanada, Claude Bouchard, ya shugabanci wani gwaji a Amurka da Kanada, aka buga sakamakonsa a 1999. Mutane 481 daga gidaje 98, waɗanda ba su saba motsa jiki ba, suka yi mako 20 suna tuƙa keken da ba ya tafiya, sau uku a mako. Aiki iri ɗaya aka ba kowa. Waɗansu ƙarfin numfashinsu ya ƙaru ƙwarai, waɗansu kuwa da ƙyar ya gusa, kuma abin gida-gida ya bi. Saboda haka kada mu yi saurin kiran ɗan'uwa rago domin ya haki a inda mu ba mu haki ba. Mai yiwuwa ne kayan da ya ɗauka sun fi namu nauyi, mu ne ba mu gani.

A 2022 aka buga wani bincike mai girma, na mutane fiye da 700,000, yawancinsu 'yan asalin Turai. Aka sami wurare 99 a cikin zarurrukan gado masu dangantaka da motsi ko zama, mafi yawansu a kan yawan zama gaban talabijin da kwamfuta a lokacin hutu. Ɗaya daga cikinsu, mai suna ACTN3, a tsokar nama yake aiki. Ba ko ɗaya cikin 99 ɗin da ya isa shi kaɗai ya ɗaure mutum a kujera. Binciken ya nuna kuma zama da ƙiba suna ciyar da juna: zama yana ƙara nauyi, nauyi yana ƙara zama, cututtuka da dama kuwa ta ƙofar nauyin nan suke shigowa.

Yanzu mu zo kan tambayar mai cewa gidansu ƙiba gado ce. A 2007 aka gano wata ƙwayar gado mai suna FTO. Wanda ya gaji irinta mai sa ƙiba daga uwa da uba duka yakan fi wanda bai gada ba da wajen kilo 3. A 2011 aka tara labarin manya fiye da 218,000, aka ga ƙarfin wannan ƙwaya ya ragu da kashi 27 cikin 100 a jikin masu motsi. Ƙwayar tana nan inda take, ba ta fita ba, amma an rage mata iko.

Misalin da ya fi taɓa mu shi ne na mutanen Pima. Kabila ɗaya ce, wani sashe a jihar Arizona ta Amurka, wani a duwatsun Sonora a Meziko. Na Arizona manoma ne na asali, suna ban ruwa daga kogin Gila. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 baƙin da suka zauna a saman kogin suka janye ruwan, gonaki suka mutu, yunwa ta shiga. Daga baya abincinsu ya koma fulawa da sukari da kitse, aikin gona kuma ya tafi. 'Yan'uwansu na Meziko suka ci gaba da noma da hannu, da saran itace, da tafiya a ƙasa. Da aka auna su, aka buga a 2006, ciwon sukari ya kama wajen mutum 38 cikin 100 na manyan Arizona, a Meziko kuwa wajen 7. Jini ɗaya ne fa.

Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya ga inda maganar ta nufa. Iyayenmu sun yi huɗa da garma, sun je kasuwar ƙauye da ƙafa, iyayenmu mata sun yi daka da surfe da jan ruwa a rijiya. Mu da muka gaji jikinsu, da yawanmu muna ofis ko shago, babur ya kai mu ya komo da mu, da dare kuma waya a hannu. Ba mu ce a rushe injin niƙa ba, gama wahalar da ya ɗauke wa mata ba kaɗan ba ce, wanda kuwa bai taɓa riƙe taɓarya ba kada ya yi ta yabon daka. Amma idan kakanka bai yi ciwon sukari ba, wannan bai nuna ba ya cikin jininku ba. Watakila gona ce ta danne shi.

Nawa ne motsin da ake bukata? A 2002 aka buga gwajin da aka yi a Amurka a kan mutane 3,234 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai cuta ba tukuna. Waɗanda aka sa su yi tafiyar sauri minti 150 a mako, su gyara ci, su rage nauyi kaɗan, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100 cikin wajen shekara 3. Masu shan ƙwayar metformin kuwa tasu ta ragu da kashi 31. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce babba ya sami minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Minti 150 ɗin nan rabin sa'a ne sau biyar. Ba sai da filin wasa ko takalmin gudu ba. Tafiya da sauri har numfashi ya ɗan tashi, amma kana iya magana da abokin tafiya, ta isa. Haka noma, da tuƙa keke, da shara mai ƙarfi. Wanda gidansa ke nesa da majami'a kaɗan ya bar babur a gida ran Lahadi. Masu zaman kwamiti na sa'a huɗu kuma, har da mu masu jagorarsa, a riƙa tashi ana miƙe ƙafa.

Sai dai mai sikila, da mai jin ciwon ƙirji ko jiri idan ya yi aiki, da mace mai ciki da likita ya ce ta huta, su fara neman shawarar asibiti. Wanda kuwa uwarsa ko ubansa ko ɗan ɗakinsu ya yi ciwon sukari ko hawan jini, ya je a auna shi ko da yana jin garau, gama cututtukan nan biyu sukan yi shekaru a jiki ba su yi magana ba. Ya faɗa wa mai awon wane ne ya yi ciwon a gidansu, da shekarun da ya fara.